Dusasshen Sauti: Daga Norwe zuwa Sakkwato

A 1994 ƙungiyar Darkthrone ta ƙasar Norwe ta fitar da Transilvanian Hunger, faifan da aka naɗa da ƙaramar na'ura mai layi huɗu. Sautinsa a dusashe yake, ganga tana fitowa kamar daga cikin rijiya. Da gangan aka yi haka, don bijire wa tsaftar manyan ɗakunan naɗa waƙa. Haka nan masoya Joy Division suke ɗaukaka wasan da ƙungiyar ta yi a Paris cikin Disamba 1979, da kura-kuransa duka.

Da wannan kunne Turawa suka saurari Sahel. Faifan Group Bombino na 2009, wanda aka ɗauki wani sashensa a fili a Agadas, ya burge su saboda kaushinsa, alhali ƙarancin kayan aiki ne ya haifar da kaushin. To, da Mdou Moctar ya sami ɗakin naɗa waƙa a Sakkwato a 2008, me ya zaɓa? Gangar kwamfuta, da muryar da na'ura ta tace, irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Wannan faifai mai sheƙi, Anar, shi ne ya bi wayoyin matasan Nijar hannu da hannu, tun kafin Sahel Sounds ta Amurka ta san sunan mawaƙin.