Jinjina Ga Makanikai Masu Saka Zoben Fistin

In babur ya fara fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa yana shan baƙin mai, galibi zoben fistin ne ya cinye. A nan ake gane makaniken kirki.

Injin Bajaj Boxer zobe uku gare shi, biyu na tare matsin wuta, na ƙasa na share mai. Gwani yakan fara zura zoben cikin bulo ya auna tazarar bakinsa, domin ƙarfe na kumbura da zafi. Wajen saka shi a fistin, ya sa gefen mai alama sama, ya buɗa shi sannu, don saurin karyewa gare shi, ya rarraba bakunan kada su yi layi ɗaya.

Ɗan acaɓa, da wannan aikin kake cin abinci. Biya makanikai haƙƙinsu ba ja-in-ja.