Jagoran da Ke Kai Baƙi Ƙololuwar Chappal Waddi

Masu zuwa Gashaka-Gumti hawan dutse sukan koma gida da hotunan gajimare a ƙarƙashin ƙafafunsu, amma ba safai suke ba da labarin mutumin da ya kai su wurin ba. Wannan gandun daji na ƙasa, da aka kafa a 1991 bayan an haɗe gandunan Gashaka da Gumti, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu kamarsa a Nijeriya. A kan iyakarsa da Kamaru ne Chappal Waddi yake, tsayinsa mita 2,419, tsauni mafi tsayi a ƙasar. Ba a shiga irin wannan daji sai da jagora.

Tun a gindin dutse aikinsa ke farawa, kafin a ɗaga ƙafa. Yakan dubi takalman baƙi, ya ɗaga jakar kowa ya ji nauyinta, ya ce a rage. Ana idar da sallar asuba zai ce a kama hanya, domin a ci rabin hawan kafin rana ta take. Sai kuma abin da ke ba 'yan birni haushi: tafiyarsa ta hawainiya. Taku gajere, ba sauri ba tsayawa, kuma ba ya tunkarar gangare kai tsaye, sai dai ya riƙa karkacewa dama da hagu. Matashi mai ji da ƙarfi kan wuce shi da murmushi. Kafin hantsi ya dubi ludayi za a tarar da shi zaune a kan dutse yana haki, jagora ya zo ya wuce da takunsa na ɗazu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake auna mutane ba tare da ya tambaye su ba. Baƙo ba ya faɗin ya gaji, kunya ba ta barinsa. Jagora kan gane daga numfashi, daga yadda hira ta ɗauke, daga ƙafar da ta fara tuntuɓe a inda babu abin tuntuɓe. Sai ya tsaya ya ce, "Alhaji, zo ka ga wani abu," ya nuna sheƙar ganye a saman bishiya, ya yi bayanin cewa birin nan mai kama da mutum, wanda gandun ya yi suna da shi, kullum da yamma sabuwar shimfiɗa yake yi wa kansa. Bayanin gaskiya ne, amma hutu ya ba Alhaji, kuma ya rufa masa asiri.

Ƙasa ma karanta ta yake yi. Kashin ɓauna in da ɗumi, a canza hanya, don ɓauna ba ta da wasa. Ihun gwaggon biri daga gefen kwari yana gaya masa akwai abin da ya motsa a can. A bakin kogi ba ya tsallakawa a inda ya fi ƙunci, don nan ruwa ya fi ƙarfi. Yakan nemi inda ya baje, ya dogara sanda, ya fuskanci inda ruwan ke gangarowa, ya sa kowa ya kwance igiyar jakarsa ko da zai zame. Shi ya sa ma daga Disamba zuwa Maris ake wannan tafiya. Da damina kogunan yankin sukan cika su tare hanya.

Akwai kuma sanin mutane. A kan tuddan akwai rugagen Fulani da shanunsu, kuma jagora nagari ba ya ratsa ruga haka nan. Zai yi sallama da Fulatanci, ya gaida Arɗo, a sha nono, a nan zai ji wace hanya ce ta lalace, wane rafi ne ya ƙafe. Taswirar waya ba ta da wannan labari.

Mafi wuyar aikinsa kuwa kalma ɗaya ce: a koma. Hazo kan rufe ƙololuwa cikin ɗan lokaci, iska ta yi sanyi har yatsu su ƙage, ga baƙi sun biya kuɗi sun zo daga nesa, ƙololuwa kuma ga ta nan kamar a miƙa hannu. Shi lissafin saukowa yake yi, domin a nan ne gwiwa ke rawa, ciyawa ke santsi, duhu ke riskar mutane. In lissafin bai fita ba, zai juya, ko da za a yi ta yi masa gunaguni har gindin dutse.