Gadar Narni ta Corot: Zanen Takarda da Zanen Ƙyalle

A cikin wannan ɗan sharhi za mu kwatanta zane biyu da Bafaranshe Camille Corot ya yi na kangon gadar Rumawa a Narni, ƙasar Italiya. Na farko ya zana shi a bakin gadar a 1826, da fentin mai bisa takarda. Yana ajiye a Louvre. Na biyu ya tsara shi cikin ɗaki bisa ƙyalle, ya kai shi babban nunin zane na Paris a 1827. Yanzu yana Otawa.

Takarda ba ta da tsada, ba ta da nauyin ɗauka, sai dai rana ba ta jiran mai zane. Tun a 1800 Valenciennes ya ja kunnen masu zane kada irin wannan aiki ya wuce sa'a biyu, domin haske yana sauyawa. Shi ya sa Corot ya shafe kwari da kogi da faɗin burushi, bai tsaya ƙirga ganye ba.

A zane na biyu kuwa, ya ƙara dogayen itatuwa da hanya da makiyaya da bisashensu, domin ya bi ƙa'idar alƙalan nuni. Komai ya zauna tsaf, amma a ganinmu hasken Italiya ya dusashe.

Mai nazarin harshe ya san irin wannan tazara tsakanin zancen baka da rubutun da aka yi wa kwaskwarima. Ke nan, ƙarfin halin Corot ya fi bayyana a takardar, inda ya yarda ya bar abin da haske bai nuna masa ba.