Aikin Wa Ne? Yadda Mahalban Ƙasar Maradi Ke Auna Bindiga

A bakin wata maƙera da ke gefen kasuwar Cadawa na taɓa ganin wani tsohon mahalbi yana duba bindigar da wani saurayi ya kawo masa. Sai da ya tabbatar babu komai a cikinta, sannan ya ɗora ta a tafin hannu ɗaya yana neman inda nauyinta ya daidaita. Ya ƙwanƙwasa bututun da zobensa ya kasa kunne. Ya bi ƙotar da farce, yana laluben tsaga a inda itace ya haɗu da ƙarfe. Duk wannan bai ce uffan ba. Da ya gama ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, aikin wa ne?" Saurayin ya ce, "Wallahi Baba, a hannu na saye ta, ban sani ba." Tsohon ya miƙa masa abarsa, ya ce kada ya sake ya kai ta kusa da fuskarsa sai ya gano maƙerinta.

A wannan tambaya ilimin mahalba game da makami ya taru. A Turai da Amurka mai neman bindigar farauta yakan tsaya kan nauyinta, da abin da aka ƙera ta da shi, da sunan kamfanin da ya yi ta. Mahalbin Agye ko Gazawa ma waɗannan yake dubawa, sai dai shi a wurinsa suna ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba, domin sunan mutum ne mai rai, mai gida da dangi, wanda za a iya sallama masa idan aikinsa ya cuci wani.

Bindiga baƙuwa ce a hannun mahalbi. Gadonsa baka ne da kwari da kibiya mai dafin kwankwani, shi ya sa har gobe ake kiran shugabansu Sarkin Baka. Masanin nan na Faransa, Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Maradi, ya nuna yadda halbi da ƙira suke gadon dangi, kowanne da asirinsa da haninsa. Ita kuwa bindiga ta ƙofar fada ta shigo. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nufe, kuma Sarki Babba Zaki ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimun ya tara bindigogin da fatake ke kawowa daga Tarabulus, har ya sa ana zuba igwa ana haɗa albarushi a cikin birninsa. Maradi da Tsibirin Gobir kuwa da doki da mashi da baka suka fi dogara a yaƙe-yaƙensu.

Abin da ya iso hannun talaka daga baya ba zaɓaɓɓen kaya ba ne. Masana'antun Ingila da Beljiyam sun yi ta ƙera bindigogi masu araha domin kasuwar Afirka kawai, kuma da yawansu sun yi ƙaurin suna wajen fashewa a hannun mai su, alhali tun 1813 birnin Birmingham yana da gidan gwajin bututun bindiga wanda ke buga hatimi a kan wanda ya jure. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ƙara ɗaure abin: ta hana sayar wa mutanen yankinmu bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Shekara tara bayan haka rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan da bindigogi masu cin harsashi ta baya, tana ƙone garuruwa, har ta watse a Maijirgi, gabas da Tasawa, a watan Yuli na 1899. Kakanninmu sun ga bambancin makami da makami da idonsu, a kan gawar 'yan'uwansu.

A cikin wannan ƙunci maƙeri ya shigo. Mutumin da ya gaji narka tama, ya san gawayin ƙirya ya fi kowane riƙe wuta, shi ya koyi gyaran bindigar Bature, daga gyara ya kai ga ƙera tasa: bindigar toka, ko adaka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga. Sunan nan na ƙarshe ya faɗi gaskiyarta. Harbi ɗaya take yi, sannan a zauna a sake ɗura ta. Daga nan ne tarbiyyar mahalbi ta samo siffarta. Wanda ke da harbi ɗaya tilas ya iya sanɗa, ya san inda iska ta nufa, ya bambance sawun gada da na barewa, ya haƙura har nama ya matso. Tilas kuma ya tabbatar da abin da ke gabansa kafin ya taɓa kunama, don motsin da ke cikin sabara yana iya zama yaro mai kiwo.

Maganar nauyi ma sun san ta tun kafin a rubuta ta a takardun talla. Mai yini yana tafiya cikin jigawa ba ya son abin da zai karya masa kafaɗa. Amma tsofaffin mahalba ba su yarda da bindigar da ta cika shafal ba, kuma suna da hujja: mara nauyi ta fi naushin mai ita, kuma sau da yawa rashin nauyin alama ce ta siririn bututu. Kimiyya ta gaskata su a duka biyun.

Sai dai al'adar tana da rauninta, kuma ɓoye shi cin amana ne. Kunne da farce ba sa ganin tsagar da ke cikin ƙarfe. Da aka daina narka tama aka koma ga tarkacen kasuwa, wasu maƙera sun riƙa sa bututun da ba a yi shi don jure wuta ba. Na san wani ɗan'uwanmu da yatsu uku suka rage masa a hannun hagu, kuma da abin ya faru, maganar da ta fi yawo a gari ita ce an karya masa laya ne, ba wanda ya ce a kawo ɓallin ƙarfen a duba. Ina girmama asirin mahalba, amma duk inda aka jingina fashewar bututu ga sammu, an wanke mai mugun aiki, an kuma bar na gaba cikin haɗari. Abin da hatimin gidan gwaji ya fi mu da shi kenan: ana gwada ƙarfen kafin a gwada shi a jikin mutum.

Sunan kamfani ya fara shiga bakin mahalba a zamanin Faransa. Bindigar Simplex, mai baki ɗaya, ta kamfanin Manufrance da ke Saint-Étienne, ta bazu a ƙasashen da Faransa ta mallaka, daga baya Baikal ta Rasha ta biyo. Abin da ya sa suka karɓu a bayyane yake: ƙarfe ne da itace, kayan cikinsu kaɗan, kuma idan ƙota ta tsage maƙerin gari zai sassaƙa wata.

Bindiga mai ɗana kanta, wadda duk jan kunama take sakin harsashi ɗaya ta kuma ɗauko na gaba, wata duniya ce dabam. A shekarun 1950 Eugene Stoner na kamfanin ArmaLite ya ɗauko alminiyum irin na jirgin sama da roba mai tauri ya rage nauyin bindiga zuwa wajen kilo 3, ya bar bututun a ƙarfe domin shi kaɗai ke jure matsin wuta. Alminiyum ba ya tsatsa, roba ba ta kumbura da damina. Amma yawan gaɓoɓi masu motsi yana nufin yawan inda ƙurar hunturu za ta maƙale, kuma abin da ya karye a cikinta ya fi ƙarfin uwar maƙera da masaba. Suna ma ba ya hana cikas: sojojin Amurka sun sha wuya da M16, wadda ta fito daga wannan ƙira, a Biyetnam sa'ad da aka sauya mata albarushi aka kuma raba ta ba tare da isassun kayan sharewa ba.

Sannan me za a farauta da irin wannan bindiga? Daga Cadawa zuwa Gazawa gona ce ke bin gona, gero da aya da gyaɗa. Itatuwan da manoman Ɗan Saga da maƙwabtansu suka raya ta hanyar sassaben zamani sun dawo da inuwa da makamashi, amma naman da ya rage bai wuce zomo da fakara da zabon daji ba. Dokar farauta ta Nijar mai lamba 98-07, ta 29 ga Afrilu 1998, ta ɗaure halbi da izini da lokaci. Mai neman zomo ba ya bukatar harbi goma a jere.

Inda ake maganar bindigar zamani da gaske shi ne yamma da kudu, wajen Gidan Rumji da Madarunfa, inda satar shanu da garkuwa da mutane suka hana barci, inda kuma tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako neman mafaka. Ba na zargin manomin da aka kore wa garke idan zuciyarsa ta raya masa ya nemi makami. Amma bindigar da ke yawo a dajin nan, wadda rushewar Libiya a 2011 ta ƙara wa yawa, ita ce ainihin wadda tsohon mahalbin nan na Cadawa ya ƙi. Ƙasashe da dama sun ƙera bindiga irin ta Kalashnikov, daga Sin zuwa Romaniya, kuma wadda ta bi hannu goma ba wanda zai faɗa maka inda ta fito ko jinin da ke kanta. Adaka kuwa, duk da aibinta, maƙeri ya san wanda ya sayar wa, Sarkin Baka ya san wanda ke rataye da ita, idan an ji ƙara da dare gari ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Yarjejeniyar ƙananan makamai da ƙasashen Afirka ta Yamma suka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta nemi a ƙidaya maƙeran gida, a kuma sa wa kowane makami alama. Nijar tana da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994. Ina ganin duk wani aiki irin wannan a ƙasar Maradi ya kamata ya fara daga zauren Sarkin Maƙera da na Sarkin Baka, domin su ne suka riƙe wannan lissafi da ka tun kafin a buɗe ofis, kuma su ne mutanen ƙauye ba sa jin tsoron nuna wa abin da ke ƙarƙashin gado.