Moda ma tana ƙonewa a ranar Ingila

Da zarar watan Mayu ya ƙare a nan Lids, a arewacin Ingila, sai ka ga mutanen unguwa suna ta jidar tukwanen shuka daga falo zuwa bayan gida. Wanda ba shi da fili ya jera nasa a baranda, wata kuma a kan matakalar ƙofa. Abin ya daɗe a wurin tsofaffin masu lambu, amma tun kullen korona na 2020, lokacin da matasa suka cika ɗakunansu da shuke-shuke, ya zama yayi. Yanzu duk bazara Instagram da TikTok kan cika da hotunan tukwane a rana, ana cewa shuka ta tafi hutu.

Ina goyon bayan a fitar da su. Duk wanda ya yi hunturu ɗaya a ƙasar nan ya san dalili. A watan Disamba yini ba ya kai awa takwas, shi ɗin ma yawanci a lulluɓe yake da gajimare. Hita na aiki dare da rana, iskar ɗaki ta bushe ƙayau, ƙura ta kwanta a kan ganye. Idonmu yana yaudararmu game da haske, domin shi yana sabawa da duhu nan da nan. Tsakiyar falon da muke gani tarwai, idan aka auna da ma'aunin haske da ake kira luks, sau da yawa ba ya wuce 'yan ɗaruruwa. Inuwar bishiya a waje tana kaiwa dubu goma, tsakar rana kuwa ta doshi dubu ɗari. Shukar da ta yi wata takwas a cikin ɗaki tana rayuwa ne da ɗan abin da ba zai kashe ta ba. A watan Yuni kuwa yini yana kusan awa 17. Hana ta wannan haske, alhali ƙofa kawai za ka buɗe, ni a ganina rowa ce.

Amma yadda ake yin abin yanzu yana damuna, kuma da kaina na fara ganin illarsa.

Shekarar da na zo, na shiga wani kanti na ga shuka mai dogayen ganyaye a tsaye kamar takubba, da zane-zane a jikinsu. Na tsaya a gabanta na daɗe. Turawa suna kiranta harshen suruka, ni kuwa moda na gani, wadda kakanninmu ke sarrafa zarenta su yi igiya da tsirkiyar baka. Wadda ake sayarwa a nan 'yar'uwar modarmu ce ta kusa, asalinta ma daga yankinmu ne, tsakanin Najeriya da Kwango. Na saye ta ba don ado ba. Ita ce abu na farko da na gani a garin nan wanda ya san inda na fito. Ta yi hunturu biyu a kusurwar ɗakina ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Wata Asabar a watan Yuni rana ta fito sosai, na ce a raina wannan 'yar Afirka ce, ranar Ingila me za ta yi mata? Na ajiye ta a tsakiyar fili tun hantsi, na fita. Kwana biyu bayan haka gefen ganyayen da ya kalli kudu ya yi fari fat, daga baya ya koma ruwan ƙasa ya bushe kamar takarda. Tabon yana nan har yau. Ganyen moda yakan yi shekaru a jikinta, kuma inda ya ƙone ba ya warkewa.

Sai daga baya na fahimci cewa ganye yana ginuwa ne daidai da hasken da ya tarar lokacin da yake tsirowa. Wanda ya fito a ɗaki fatarsa siririya ce, an shirya shi don ya kama ɗan hasken da ke akwai. Gilashin taga kuma yana tare mafi yawan nau'in hasken rana mai ƙuna, don haka ko shukar da ke bakin taga ba ta taɓa haɗuwa da rana tsirara ba. Idan ka cire ta daga nan ka dasa ta a tsakar rana, hasken ya fi ƙarfin abin da ganyen zai iya sarrafawa, sai ya lalata koren da ke cikinsa. Asalin shuka ba ya kare ta. Wadda ke hannunka wataƙila a rumfar gilashi ta ƙasar Holan aka raine ta, ba ta taɓa ganin Afirka ba. Da na tuna da kyau ma, a gida ban cika ganin moda a fili fetal ba. A gindin bishiya take, ko a jikin suri, inda akwai 'yar inuwa.

Yanzu ga yadda nake yi, kuma ban sake yin asara ba. Makon farko a inuwa sosai, a jikin bangon da ke kallon arewa, inda rana ba ta sauka kuma iska ba ta kaɗawa da ƙarfi. Mako na biyu su sami ranar safe ta awa ɗaya ko biyu. Mafi yawansu a nan suke tsayawa har ƙarshen bazara, domin galibin shuke-shuken ɗaki 'yan ƙarƙashin kurmi ne, shi ya sa tun farko suke iya jure duhun gidajenmu. Masu kaurin jiki da ke son rana kaɗai nake matsarwa gaba, su ma a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

Lokacin fitarwa ma yana da muhimmanci, kuma dare ake dubawa. Rana ɗaya mai daɗi a watan Afrilu takan ruɗi mutane, alhali a arewacin Ingila raɓa na iya daskarewa da dare har cikin watan Mayu. Jamusawa suna da tsohuwar al'ada ta jira sai ranakun 11 zuwa 15 ga Mayu sun wuce kafin su fitar da duk abin da ba ya jure sanyi. A Lids ni nakan ƙara mako biyu ko uku a kan haka, sai na ga sanyin dare ya daina sauka ƙasa da digiri 10.

Akwai kuma ruwa. Ɗan ruwan sama alheri ne: yana wanke ƙura, yana wanke gishirin da ruwan famfo ya tara a ƙasar tukunya, yana korar 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan masu saƙa a bayan ganye, waɗanda busasshiyar iskar hita ke haifar da yawansu. Amma ruwan Ingila ba irin na damina ba ne da zai zuba ya ɗauke rana ta fito. Yana iya yin kwana huɗu yana yayyafi cikin sanyi. Tukunyar ado marar huda a ƙasa takan cika, saiwa ta ruɓe ba tare da an lura ba. Ina da ƙariya guda ɗaya, wannan mai kumburarren gindi da jan fure da muke gani a daji lokacin rani, wadda a nan ake sayarwa da tsada da sunan furen hamada. Ita rana duk yawanta ba ta dame ta idan ta saba, amma sanyi da jiƙa tare suna kashe ta cikin 'yan kwanaki. A ƙarƙashin rumfa nake ajiye ta, in hadari ya daɗe in mayar da ita ciki.

Wasu kuma ba na fitar da su sam. Ƙaramar shukar nan mai ganye mai gashi-gashi da shuɗin fure, wadda aka samo daga duwatsun Usambara na Tanzaniya a 1892, ruwan sanyi yana ɓata mata ganye. Dangin ɓauren nan mai faffaɗan ganye kamar goge, ɗan kurmin Afirka ta Yamma da ya zama abin yayi a falon masu kuɗi, yakan zubar da ganye idan aka yawaita canza masa wuri, iska kuma tana yayyaga shi. Idan yana jin daɗin inda yake, a buɗe masa taga ya wadatar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da nake gani a watan Agusta: tukwane a gefen kwandon shara, da ƙonannun shuke-shuke a ciki. An fitar da su don hoto, an jera su inda suka fi kyau a ido, suka ƙone ko suka ruɓe, aka zubar, za a sayi wasu a watan Oktoba. Sauƙin farashi ya sa mutane suna ɗaukar shuka kamar labule ko matashin kujera. Ni ban taso a haka ba. A gidanmu wanda ya dasa abu shi ke da alhakin ba shi ruwa, kuma idan ya mutu saboda sakaci za a tambaye shi. Mai rai ne ka ɗauko ka tsare a tukunya, ba ya iya matsawa inuwa da kansa, ba ya iya neman ruwa. Duk abin da ya same shi daga hannunka ne.

Modata tana nan. A bazarar da na fara yi mata yadda ya kamata ta fitar da 'ya'ya uku daga gindi, abin da ba ta yi ba a shekara biyu cikin ɗaki. Na raba biyu ga maƙwabta. Cikin watan Satumba, kafin dare ya fara sanyi, nakan wanke ganyayenta, in duba ƙarƙashin tukunya saboda dodon koɗi da sauran baƙin da suka samu mafaka, in ware ta daga sauran na mako biyu, sannan ta koma kusurwarta.

'Yan'uwa da ke zaune a ƙasashen sanyi, musamman waɗanda suka sayi moda ko ƙariya saboda kewar gida: ku fitar da su bana, suna bukata. Amma don Allah ku fara da inuwa, ku ba su mako biyu kafin rana mai ƙarfi ta taɓa su.