Jinjina ga Marvelous Nakamba, mai aikin da ba a yi wa tafi

Ƴan kallo sun saba yi wa mai zura ƙwallo kirari, su manta da wanda ya ƙwato ta a tsakiyar fili. Wannan aikin wahala shi ne sana'ar Marvelous Nakamba, ɗan garin Hwange na Zimbabuwe, wanda aka haifa a 1994.

Daga Bantu Rovers ya tafi Nancy a Faransa, sannan Vitesse, inda suka ɗauki kofin ƙalubale na Holan a 2017, babban kofi na farko a tarihin ƙungiyar. Ya ci gasar Beljiyam da Club Brugge kafin Aston Villa ta saye shi a 2019.

Amma a ganina, a Luton Town ya fi nuna ko shi wane ne. Aro aka ba da shi a Janairun 2023, kamar wanda aka gaji da shi. Sai ga shi yana tare hanya, yana tsinke fasin abokan hamayya, har Luton ta doke Coventry a Wembley da bugun fenariti ta hau gasar Firimiya.

A gida kuwa, ya buga wa Warriors, ƙungiyar ƙasar Zimbabuwe, gasar cin kofin Afirka a 2017 da 2019, daga baya ya ɗaura kambun kyaftin. Ya cancanci jinjina.