Na'urar Ɗaukar Hoto da Harshen Wanda Ake Tuhuma: Sharhi a kan Sashe na 15 na Dokar 2015

A wannan takarda za mu duba sashe na 15(4) na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta Tarayya ta 2015, wadda jihohi suka bi sawunta, har da Jigawa. Sashen ya ce idan wanda aka kama ya amsa laifi don raɗin kansa, wajibi ne ɗan sanda ya rubuta jawabin, kuma ana iya ɗaukarsa a faifan bidiyo. A 2024 Kotun Ƙoli, a shari'ar Nnajiofor, ta yanke cewa ɗaukar ma wajibi ce. Yawancin masu sharhi sun yaba da wannan a matsayin maganin duka da tursasawa. Mu dai muna ganin akwai wani ciwo da sashen ya taɓa ba da niyya ba, wato harshe.

Mu ɗauki Babura, ƙaramar hukumar da ke iyaka da Jamhuriyar Nijar. Manomi ko makiyayin da aka kai caji ofis a can, da Hausa zai yi bayani, wani ma Fillanci ya fi masa sauƙi, amma sau da yawa da Turanci za a rubuta. Sashe na 17(3) ya tanadi tafinta ya karanta masa jawabin kafin ya sa hannu. To, amma wa zai binciki tafintan? Mutum ya ce "na ɗauka", alƙalami ya rubuta sata. Ya ce "a hannuna ya cika", yana nufin shi ya yi jinya, takarda ta mai da shi mai kisa. Mafi haɗari ita ce kalmar "to", wadda Bahaushe kan faɗa wa na gaba don ladabi, ba don ya yarda ba.

A nan faifan yake da daraja, domin shi kaɗai ke ajiye maganar kamar yadda ta fito daga baki. Sai dai dokar ta tsaya rabin hanya. Ba ta faɗi wanda zai kwafe Hausar da ke cikin faifan ba, balle wanda zai tantance fassararta. Alƙalin babbar kotu a Jigawa zai iya saurara ya gane da kansa. Kotun ɗaukaka ƙara kuwa kundin Turanci take karantawa, kuma ba dole ne alƙalanta su ji Hausa ba. Ko hoton ma yana bukatar mai fassara: saurayin da ya sunkuyar da kai a gaban hukuma tarbiyya ya nuna, amma baƙon ido zai ce rashin gaskiya ne.

Batun wutar lantarki da kuɗin na'ura, wanda ake yawan kawowa, bai dame mu sosai ba. Wayar hannu ta isa. Abin da muke nema shi ne a gyara dokar Jigawa, a wajabta haɗa kowane faifai da kwafin Hausarsa kalma bayan kalma, fassarar Turanci a gefe, da sa hannun tafintan da aka rantsar, wanda lauyan mai kare kai zai iya yi wa tambayoyi a gaban kotu.